Uwar Tasha da Aka Hana Taka Ƙasa

Matar ƙanena ba ta taɓa tuƙa mota ba, ko keke ba ta iya hawa ba, amma babu direban da ke lodi a tashar unguwarmu da bai zauna a kan aikin hannunta ba. Ita ke ɗinka wa kujerun mota riga. Shagonta na bakin ƙofar fita, tsakanin mai faci da mai shayi, ɗan ɗaki ne da ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya riƙe numfashi. A ciki akwai keken ɗinki mai ƙatuwar allura, da tulin soso har rufi, da naɗin leda baƙa da ja jingine a lungu, ga warin gam da ke bin mutum har gadonsa. Tun ƙanena na raye yana jan bas direbobi suka sa mata Uwar Tasha, sunan kuma ya bi ta har jikokinta ba su san tana da wani ba.

Ni yayar mijinta ce, ƙofata na kallon tata. Lokacin da ƙanena ya auro ta, in ta juya gefe sai ka neme ta ka rasa. Ƙafa kuwa Allah ya ba ta. Da damin soso a ka take zuwa kasuwa ta dawo, ni ina biye da ita hannu sake, ina haki ina zaginta. Da ƙanena ya rasu ya bar mata yara da keken nan, a kan kujera ɗaya ta raine su duka. Ba ta roƙi kowa ba, har ni, abin da har yau ban yafe mata ba.

Babban ɗanta, Dogo, shi ya gaji tuƙin ubansa. Yaron kirki ne, kirkin da ya yi yawa. Tun ranar da ya fara tsayawa da ƙafarsa ya rantse uwarsa ta gama wahala. Ya sa wa kekenta inji don kada ta ƙara taka shi. Ya jawo mata famfo har ƙofar ɗaki. Da safe ya ɗauke ta a bakin zaure, ya sauke ta a bakin shago, yana matsa motar har ta kusa shiga cikin soso. Sauran direbobin kuma kowa ya dawo daga hanya sai ya ajiye mata wani abu a kan tebur: soyayyen nama, biredi, lemon kwalba mai sanyi. Mai shayi na aiko mata da kofi mai sukari har cokali ya tsaya a ciki. Ita kuma ba ta iya mayar da alheri. A nan kan keke take ci, hannu ɗaya na tura leda. A haka siririyar nan ta cika ƙofar shagonta, har na ce mata in ta ƙara kaɗan sai dai a gina mata shagon a jiki.

Ciwon ya fara mata ne ta muƙamuƙi. Ga gajiya, in ta ɗaga naɗin leda sai ta zauna tana mayar da numfashi. Gajiyar ta ce tsufa ne, muƙamuƙin ta ce haƙori ne, ta ja ni in raka ta a cire. Likitan haƙori ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce haƙoranta sun fi nasa lafiya. Ya ɗaura mata abin awon jini a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce mu bi barandar nan zuwa ɗakin ƙarshe, yanzu ba gobe ba.

A ɗakin ƙarshe mace muka samu, 'yar ƙarama mai tabarau, wadda ba ta kai Dogo shekaru ba. Bayan gwaje-gwaje ta tambayi yadda mahaifiyar Uwar Tasha ta rasu. Tana shanya ta faɗi. Yayarta fa? Ɓarin jikinta ya mutu kafin ta bi uwar. Likita ta ajiye biro. Ta ce zuciya ce, kuma a wurin mata ba kullum take zuwa da kama ƙirji ba, wani lokacin ta muƙamuƙi take sallama, ko ta baya, ko ta gajiyar da ba ta da dalili. Ta ba da ƙwayoyi. Ta ce a rage gishiri, a rage mai, a rabu da lemon kwalba. Sannan ta ce abin da ba a sayarwa a kantin magani: tafiya. Kullum, da ƙafa, har jiki ya yi ɗumi amma baki na iya magana.

A hanyar komawa, da muka kusa gida, Uwar Tasha ta faɗa mini abin da ke ranta. Ta ce ita ba mutuwar take tsoro ba, kwanciyar yayarta take tsoro, a juya ka a share ka, kana kallo. Na ce to ai ƙafar tana nan, ba ta ba kowa aro ba.

Maganar abinci ba ta ba ta wahala yadda na zata ba. Ta ci miya lami tana tsine wa likita, amma ta ci. Kwalaben lemo ta riƙa miƙa wa mai faci ta taga har shi ma ya fara tumbi. Tafiyar ce kowa ya ɗauka mai sauƙi. Daga gidanta zuwa shago titi ne miƙaƙƙe mai kwalta, da itatuwa a gefe, tafiyar da ta isa ta sa mutum gumi ba tare da ta kayar da shi ba. Abu ɗaya muka manta. Duk motar da za ta shiga tasha ko ta fita, ta titin nan take bi.

Safiyar farko ta riga Dogo fita. Ta aro takalmin wasannin jikarta ta sa a ƙarƙashin zani, ni ina bakin ƙofata ina ba ta shawarar ta nemi ƙungiyar ƙwallo. Ba ta kai kantin magani na kan kwana ba wata tasi ta ci birki a gabanta. Ta yi godiya ta ce tafiya take yi. Direban ya ce ai ya gani, shi ya sa ya tsaya. Ta ce likita ce ta sa ta. Ya fito, ya zagayo, ya durƙusa a kan kwalta yana tambayar laifin da suka yi mata. Ya mayar da fasinjan gaba baya, ya riƙe ƙofa. Matar da ta tsufa ba ta kunyata kowa ba, ba a gaban fasinjojinsa za ta fara ba. Ta shiga.

Washegari bas ce. Rana ta uku Tsohon Soja ne, direba abokin marigayi, wanda ya ce in ya wuce ta a ƙasa da wane ido zai kalli ƙanena gobe kiyama. Ranar da ta fi nisa ta kai gidan mai, a nan ma direbobi biyu suka kusa dambe a kan wanda ya fara ganinta. Ta gwada bin lungun baya, ta tarar da kwata da taɓo da 'yan babur, su ma ita ke yi wa sirdinsu riga. Ta gwada jan mayafi ta rufe fuska. Na ce mata ɓata lokaci ne, mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna hango fasinja daga nesa ba fuska suke kallo ba, tafiya suke ganewa. Kullum ta fita da ƙafa, kullum ta isa shago a kan kujerar da ta ɗinka da hannunta.

Daga nan magana ta fara yawo a tasha. Wai Dogo ya yi kuɗi ya daina ɗaukar uwarsa. Wasu suka ce ba shi ba ne, matarsa ce ta hana. Baiwar Allah da ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba, aka mayar da ita muguwa a bencin mai shayi. Shugaban direbobi ya kira Dogo ofis ya yi masa nasiha a kan haƙƙin iyaye, a gaban mutane.

Da yamma ya shigo gidan uwarsa ina nan. Bai zauna ba. Ya ce shi me ya rage ta da shi da za ta tona masa asiri a titi. Ta ce masa ai ta gaya masa abin da likita ta ce. Ya ce ya ji, amma likita ba ta lodi a tasha.

"Mama, in tafiya ce ki yi ta a tsakar gida. Wa zai gan ki?"

Na ce masa, "Kai dogon banza, tsakar gidan nan ko kaza ta zagaya sai jiri ya ɗebe ta."

Ya ce, "Gwaggo, ke ba ki san tasha ba."

Na ce na san ta tun yana tsotsar yatsa, amma uwar ta ɗaga mini hannu. Ta ce za ta gwada. Ta kuwa gwada. Ta riƙa kewaya tsakanin famfo da igiyar shanya, tana sunkuyawa ƙarƙashin wandunan yara, jikoki na bin ta a layi suna tafi don sun zaci wasa ne. Kafin mako ya zagayo ta buga ƙafa a bokiti, ta mayar wa yarinya takalminta, ta koma gaban mota.

Da muka koma asibiti awon bai sauka yadda ake so ba. Likita ta tambaye ta ko tana tafiyar. Ta sunkuyar da kai ta ce tana ƙoƙari. Ita a wurinta faɗin gaskiya kai ƙarar ɗanta ne. Ni da ba ni da wannan ciwon na zayyana komai, har da durƙuson kan kwalta. Likita ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce a kawo mata ɗan.

Ni na kawo shi, kusan da kunne. Yarinyar nan ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta nuna masa hoton zuciya a bango, da hanyoyin jini, da yadda suke tsukewa. Ta ce masa duk safiyar da ya buɗe wa uwarsa ƙofar mota, yana taya ciwon aiki ne. Na ga ƙaton nan ya jiƙe da gumi a ɗaki mai sanyi.

Dogo irin ubansa ne, ba ya yin abu rabi. Bai koma gida ba, tasha ya wuce. Aka tara direbobi a gindin rumfa, shugaba ya hau benci. Aka yanke doka: daga yau duk wanda ya ɗauki Uwar Tasha a titi, ko ya tsaya mata, ya rasa layinsa na lodi na wannan ranar. Wanda ya san tasha ya san direba zai yafe maka zagin uwarsa kafin ya yafe maka layinsa. Aka yi tafi, aka yi addu'a, aka watse. Ita tana shagonta tana jin hayaniya, ta zaci zaɓe suke yi. Daga bakin mai faci ta ji an yi doka a kanta.

Ban ƙi in faɗi alheri ba, dokar ta yi aiki. Ta sayi takalminta na kanta. Tana fita da sanyin safe, ta dawo da la'asar. Motoci na wucewa suna danna mata oda, hannuwa na fitowa ta taga, wani har ya rage gudu ya yi mata kirari. Ta ce odar na hawa mata kai, amma tana tafiya. Zaninta ya fara zagaye ta da saura. Barci ya dawo. Ta daina tsayawa hutu a gidan mai. Har ta fara yi mini gori wai in zo ta koya mini. Wata da watanni aka yi a haka.

Ranar da abin ya faru, aiki ne ya yi mata yawa. Wata doguwar bas aka kawo a sake wa kujerunta riga gaba ɗaya, mai ita na tsaye a kanta. Ta manta ƙwayar safe, ta wuni tana jan leda, ta taso da sauran rana mai zafi, ta bar wayarta a shago tana caji. Ta wuce gidan mai kaɗan sai ta ji kamar an ɗora mata naɗin leda a ƙirji. Muƙamuƙin ya dawo. Gumi mai sanyi ya keto mata, hannun hagu ya yi nauyi. Ta lallaba ta zauna a bakin kwalbati, ta ɗaga hannun dama.

Tasi ta farko ta ɗaga mata hannu ita ma, ta wuce. Bas ta danna oda, kwandasta ya leƙo yana cewa saura kaɗan Mama, a daure. Tsohon Soja ya rage gudu, ta ga idonsa, ya kawar da kai da sauri kada tausayi ya ja masa asarar layi. Daga baya ya rantse mini ya zaci hutawa take yi. Dukansu haka suka zata. Sannan ta hango motar da ta fi sani a duniya, mai jar rigar kujera da ta ɗinka da zare biyu don ɗanta ne. Ta tattara ƙarfin da ya rage ta kaɗa hannu. Dogo ya fito da hannu ta taga, ya ɗaga mata babban yatsa, fuskarsa cike da alfahari, ya wuce.

Wadda ta tsaya baƙuwa ce. Wata malamar makaranta ce mai koyon tuƙi, da jar alama manne a bayan 'yar motarta, irin waɗanda direbobin tasha ke bi da oda suna cewa su koma kicin. Don tana tafiya kamar mai tallan ƙwai ne ta samu damar ganin fuskar matar da ke bakin kwalbati. Ta tsaya a karkace, ta fito, ta ce, "Mama, lafiya kuwa?"

Uwar Tasha ta ce mini a duk tsawon watannin nan, wannan ne karo na farko da wani ya tambayi lafiyarta a titin.

Malamar ba ta taɓa shiga babban titi ba sai ranar. Motar ta mutu mata a mararraba, direbobi na zaginta ta ko'ina, ba su san wa ke kwance a kujerar baya ba. Mara lafiyar ce, da abin da ta tsinta a bakin direbobi, ke gaya mata ta taka kulochi a hankali, ta daina kallon madubi. A haka suka isa asibiti.

Likita ta ce an zo a kan lokaci, amma da ƙyar. Ta ce tafiyar watannin nan ba ita ta jawo ba, wataƙila ma ita ta sa zuciyar ta jure. Aka kwantar da ita kwanaki. Tasha ta kwashe ta dawo barandar asibiti, kowa da ledarsa: soyayyen nama, biredi, lemon kwalba mai sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa na tambaye su ko sun zo ƙarasa ta ne. Masu jinya suka ci rabonsu ranar.

Dogo kuwa ya kasa shiga sai da na tura shi. Ya durƙusa a gefen gado, ya kifa kai a kan katifa yana kuka. Da ya samu baki sai ya ce an gama, ba ita ba tafiya, gobe zai sa shugaba ya soke dokar a kafa sabuwa, duk wanda ya gan ta a ƙasa bai ɗauke ta ba a kore shi daga tasha.

Ta juyo ta kalle shi. Ban taɓa jin ta ɗaga wa yaron nan murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Da na ce ku bar ni, kun ɗauke ni. Da na ce ku ɗauke ni, kun bar ni. Duk don kuna so na. Kai Dogo, a cikinku babu mai bakin tambaya ne?"

Ya ce, "Mama, to me kike so a yi?"

"Yau ka fara," in ji ta. Ta ce tafiya za ta ci gaba da yi, don ba ta shirya kwanciyar yayarta ba. Kada a sake hawa benci a kanta. Wanda ya gan ta ya tambaye ta, abin da ta ce shi ke nan.

Likita ta yarda ta koma tafiya bayan ta huta, da sharaɗi: da sanyin safe, a hankali, waya a jiki, ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe a ƙulle a bakin zani, kuma ba ita kaɗai ba. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na ce gwiwata na ciwo. Likita ta ce ai tafiya na yi wa gwiwa kyau. Yarinyar nan ba ta da kunya.

To yanzu ga halin da muke ciki. Ba a soke komai ba, ba a kafa komai ba, amma maganarta ta zagaye tasha, kuma mutanen nan ba su san kaɗan ba. Kowace mota sai ta tsaya. Tasi ta tsaya, Mama lafiya? Lafiya lau, wuce. Ba ta yi taku goma ba bas ta tsaya, Mama lafiya, ko a rage miki hanya? Tsohon Soja har kashe mota yake yi ya fito ya duba idonta, fasinjoji na tsaki. Titi ya cushe, masu motocin gida na ta oda ba su san dalili ba. Tafiyar da likita ta ce a yi har jiki ya yi ɗumi, jikin na fara ɗumi sai a tsayar da shi a gaisa. Ran nan ta ce mini da ta sani da ta roƙi a ci gaba da bin dokar. Na ce ta yi haƙuri, ko ba komai hannunta ma na samun motsa jiki.

Amma tana isa shago da ƙafarta. Awon na sauka, a hankali kamar motar malamar nan, wadda yanzu kujerunta ke sanye da riga sabuwa ƙal, kuma babu direban da ya isa ya yi mata oda a titin.

Ni kuwa ina nan inda na faro, a bayanta, ina haki ina zaginta. Duk motocin nan da ke tsayawa, babu wanda ya taɓa tambayata ko ni ina son a rage mini hanya. Yau da safe Dogo ya tsaya a gefenmu, ya sauke gilashi, ya tambayi uwarsa. Ta ce wuce, ko kallonsa ba ta yi ba. Na buɗe baki zan ce ni fa, ya riga ya ja. Ina ganin idonsa a madubi yana kallonta har ya sha kwana.